Kawu Mai Tifa da Karen da Ba Ya Jin Yaren Kowa

Duk wanda ya shigo gaisuwar Kawu, da ya gama “ya haƙuri” da “Allah ya jiƙan rai,” sai ya ɗan sassauta murya ya ce, “To, karnukan fa?” Tun ina amsawa har na gaji. Wata dattijuwa da ta taso tun daga Nyanya, ko zama ba ta gama yi ba ta tambaye ni wai da gaske ne ɗaya daga cikinsu ya yi kuka irin na mutum da safen da Kawu ya cika. Na ce, “Hajiya, ni dai kukan Inna na ji.” Ta tsuke baki, amsar ba ta yi mata ba.

Ban ga laifinsu ba. A Lugbe, in ka ce kana neman gidan tsohon direban tifa, sai a ce maka wanne daga ciki, don suna da yawa. Amma in ka ce mai karnuka, ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofar. Tsofaffin direbobi sun zo sun jera motocinsu a bakin titi har suka tare hanyar 'yan acaɓa, suka zauna a rumfa suna ba da labarinsa suna dariya, su tuna inda suke su yi shiru, can kuma wani ya sake tsokano wani labarin. Maman Tibi mai sayar da shinkafa, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, ta fi mu dangi kuka, har sai da Inna, matar Kawu, ta riƙa ba ta haƙuri. Liman ya ce shi shaida ne, Kawu bai taɓa shiga masallaci da rigar da ya taɓa kare da ita ba. Ban san me ya sa Liman ya ga dole sai ya faɗi wannan ba, amma na ji daɗin da ya faɗa.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Da mahaifina ya rasu shi ya je Zariya ya ɗauko ni, a hannunsa na girma, shi ya aurar da ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata, matarsa kuma, Inna, ta ce da ni Uwar-masu-gida. Allah bai ba su haihuwa ba. Masu dogon baki sukan ce ai shi ya sa ya tara karnuka, kuma babu maganar da ke tayar masa da hankali kamar wannan. “Kare kare ne, ɗa ɗa ne,” haka yake cewa. “Ni ina da 'ya, ga ta can tana ƙona mana miya.”

Abin da ya sa nake rubuta wannan, ina tsoron kada a wayi gari ba a tuna komai game da shi sai “mai karnuka,” a yi dariya a wuce. Amma gaskiya ba zan iya ba da labarinsa ban bi ta kan karnukan ba, musamman ɗaya, wanda ya hana ni barci har muka yi sadakar bakwai.

Su uku ya bari. Kwalbati, tsohuwar karya mai ɗingishi. Madam, fara mai gashi buzu-buzu. Sai Rusau, ƙaton baƙin kare mai yagaggen kunne. Suna zaune ne a filin da ke jikin gidan, inda Kawu ya ajiye tsohuwar tifarsa tun da ya daina tuƙi, akwai 'yar ƙofar langa-langa tsakanin filin da tsakar gida. Tun ranar da aka fita da makara Rusau ya shige ƙarƙashin tifar ya kwanta, ya ƙi ci. In an tura masa ruwa da sanda yakan lasa kaɗan, abinci kuwa ko kallo. Wanda duk ya matso sai ya yage masa haƙora. Rana ta uku Liman ya ratsa ta filin zai je alwala, Rusau ya kawo cafka ya yage masa gefen babbar riga. Bai taɓa fata ba, amma rumfa ta watse, har wani ya bar takalminsa.

Kawu Babba, yayan marigayi da ya zo daga Zariya, ya kira ni gefe yana huci.

“Ke ce 'yar gidan, ki saurare ni. Yau riga ce, gobe ƙafar ɗan wani ce. Da an shafa fatihar bakwai zan sa a kira masu sayen karnukan nan da ke yawo da keji a bayan babur. Su biyun in an samu mai so, to. Wannan baƙin dai ba zai ƙara kwana a nan ba.”

Na san inda masu kejin nan suke kai karnuka, kowa ma ya sani. Na ce, “Kawu, a yi mini haƙuri in nemo mai karɓa.”

“Nemo. Amma wa zai karɓi abin da ba ya kamuwa?”

Bai yi ƙarya ba. Ko dai yunwa ta kashe Rusau a ƙarƙashin motar, ko a zarga masa waya a wuya. Na koma cikin mata na zauna, ana gaishe ni ina amsawa, hankalina yana can ƙarƙashin tifa.

Kawu ya shigo Abuja da ƙarfinsa, amma kakarsa ta yanke saƙa ne lokacin da farar hula suka karɓi mulki, gari ya ɗauki gini ko'ina. Yashi, tsakuwa, jar ƙasa, abin da duk aka ce a kwaso. Ya fita tun da sanyin safiya, ya dawo jajawur har gashin ido. Ƙarar inji ta cinye masa rabin ji, don haka in yana hira da kai sai ka ɗauka faɗa yake yi. Goro ba ya rabuwa da kumatunsa. In wani direba ya yi masa gangancin hanya ba ya zagi, sai ya leƙo ta taga ya ce, “Allah ya shirye ka, ɗan'uwana,” da wata irin murya da ta fi zagin ciwo.

Ina 'yar makarantar sakandare ya dawo wata rana da abu a nannaɗe cikin buhun siminti. Inna ta ɗauka nama ne, har ta miƙo roba. Da buhun ya motsa ta yi tsalle ɗaya ta koma bakin madafa.

“Innalillahi! Malam, mene ne wannan?”

“Baƙuwa ce. A ƙarƙashin kwalbati na same ta, mota ta taka mata ƙafa.”

“Kare? A gidana? Inda nake salla? Mala'iku su ƙaurace mana saboda kai ka ga abin tausayi?”

“Ba a gidanki za ta zauna ba, a garejina za ta zauna.”

“Garejin naka ba katanga ɗaya muke ba?”

An yi mako Inna ba ta zauna kusa da shi in yana cin abinci. Shi kuma ya kafa ƙusa a jikin katangar fili, ya rataye wata tsohuwar rigar kaki da ba ya sawa sai in zai shiga wurin karyar. In ya fito ya tuɓe, ya wanke hannu da ƙasa da ruwa kamar yadda malamai suka ce, sannan ya taɓa butarsa. Kwanon karyar daban, ruwanta daban. Ya gaya wa Inna ai malaman nan da bakinsu suka ce akwai wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Inna ta ce, “Shayarwa aka ce, ba a ce ka kawo mini shi gida ba.” A haka suka zauna, shekara da shekaru, ba wanda ya ci wani. Ita dai ƙafarta ba ta taɓa ƙetare 'yar ƙofar langa-langar nan ba.

Abin da ya fi ba unguwa dariya shi ne neman yaren da Kawu ya shiga yi. Da ƙafar Kwalbati ta warke ya yi ta yi mata magana da Hausa, zo, tafi, kwanta, tana kallonsa kawai. Wani ya ce karyar daƙiƙiya ce. Kawu ya ce a'a, wannan a gidan mutane ta tashi, akwai shaidar igiya a wuyanta, wani ya taɓa yi mata magana, shi ne dai bai san da wane baki ba. Sai ya fara gayyato maƙwabta ɗaya bayan ɗaya su zo su yi wa karya magana da yarensu. Bayerabe mai faci ya zo ya yi, shiru. Oga mai kayan gyaran mota ya zo ya yi nasa, yana yi yana dariya, shiru. Kawu yana tsugune yana kallon kunnuwanta. Sai da Maman Tibi ta leƙo ta katanga ta daka wa jikanta tsawa da yarensu, kawai Kwalbati ta miƙe ta nufi katangar tana kaɗa jela tana kukan murna. Maman Tibi ta dafe ƙirji ta ce, “Yesu! Wannan kare ɗan garinmu ne!”

Kawu ya sa ta koya masa kalmomi kaɗan. Yadda yake faɗinsu, Maman Tibi ta ce ko a kasuwar garinsu ba wanda zai gane, amma karyar tana ganewa. Yakan ce, “Kafin ka ba kare umarni, ka fara sanin wa ya yi masa magana kafin kai.”

Madam kuwa daga cikin gari ta zo, daga irin gidajen nan masu dogayen katangu. Kawu ya kai tsakuwa maƙwabtan gidan ya ji kuka. Masu gidan sun tashi sun bar ta ɗaure, maigadi ba shi da abin ba ta. Ita Turanci take ji, kuma ba irin na tasha ba. Kawu ya ce mata “sidon,” wai ta zauna, ta karkata kai tana dubansa kamar ya zage ta. Ni aka kira na faɗa mata yadda ake faɗa a makaranta, ta zauna ɗaram. Kawu ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, ya ce, “Uwata, wannan ta fi ni ilimi. Madam ce.”

Da ya ga yaruka suna neman yi masa yawa, ga shi kunnensa ba ya ji sosai, sai ya koma ga abin da ya fi sani. A wurin juye yashi ba a jin magana saboda ƙara, da hannu direba da mai duba masa baya suke fahimtar juna. Ya ɗauko alamun nan ya kawo wa karnuka. Dunƙulallen hannu, tsaya. Tafin hannu ya yi ƙasa, kwanta. Yatsu suna fifita, taho a hankali. A bubbuga jikin mota, hau. Yakan faɗi kalmar da karen ya sani tare da alamar, ya yi ta maimaitawa da ɗan ƙashi a aljihu, har ya zama ko bai buɗe baki ba an gane. Direbobi suna zuwa kallo da yamma. Ya tsaya daga wannan ƙarshen fili ya sa Madam ta yi baya-baya har ta shige tsakanin tayoyi biyu, su yi ta ihu suna cewa ta fi wane iya ribas. Shi kuwa ba ya ɗaga murya a filin nan ko kaɗan, mutumin da a cikin gida ake jin hirarsa daga bakin titi. “Mota da kare,” in ji shi, “wanda ke yi musu ihu bai iya su ba.”

Kawu Babba ya taɓa zuwa a waɗannan shekarun, ya ga abin da ake ciki, ya ƙi cin abincin gidan. Ya ce ɗan gidan malamai ya zo birni ya zama makiyayin karnuka. Kawu ya fita ya sayo masa gurasa da tsire a waje, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya zauna yana yi masa fifita. Da zai tafi ya kai shi tashar Nyanya da kansa. A hanyar dawowa ne kawai ya ce da ni, “Yaya yana da gaskiyarsa. Ni ma ina da tawa, tawa ce dai ba ta da baki.”

Rusau ya zo ne bayan na yi aure na koma Nyanya, shi ya sa ban san shi kamar sauran ba. Lokacin ana ta rushe unguwannin da aka ce an gina ba bisa ƙa'ida ba. Kawu ya yi kwanaki yana kwashe wa mutane kayansu a tifa, katifu da tukwane da ƙyauren ƙofa, wasu ma ba su san inda za a kai su ba, sai dai ya yi ta tafiya da su har su tuna wani ɗan'uwa. Bai cika son ba da labarin kwanakin nan ba. A ɗaya daga cikin kangayen ya ga baƙin kare zaune a kan tarin bulo, inda da ɗakin masu shi yake. Masu tsintar rodi sun yi ta jifarsa don ya tashi, ya ƙi. Kawu ya riƙa ajiye masa abinci daga nesa, kullum ya ɗan matsa, har ranar da karen ya bi shi ya hau mota.

Ya sake gayyato maƙwabta neman yare. Wannan karon ba a yi dariya ba. Duk wanda ya buɗe baki, kowane yare ne, sai karen ya maƙale a jikin katanga yana rawar jiki yana gurnani. Kawu ya sallami kowa. Da na zo gaishe su ya ce mini, “Uwata, wannan duk maganar da aka yi masa a baya-bayan nan da dutse aka raka ta. Ba na yi masa magana. Ke ma kada ki yi.” Tun daga nan tsakaninsa da Rusau sai hannu. Na sha hango su ta 'yar ƙofa, tsoho a kan benci, ƙaton kare kwance ɗan nesa da shi, ba mai cewa uffan, sai rediyo.

Wannan ne karen da aka ba ni zuwa sadakar bakwai in san yadda zan yi da shi. Mutum ɗaya ya faɗo mini, tsohon abokin Kawu da muke kira Baba na Yangoji. Bagware ne, Kirista, tare suka yi tuƙin tifa kafin ya koma gona. Ya zo jana'iza ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu har aka gama. Na kira shi a waya, ban ma gama bayani ba ya ce, “Yarinya, kare na ɗan'uwana ba za a sa shi a tukunya ba. Birai suna gama mini masara, ina da aiki domin su. Zan zo da mota.”

Kafin ya zo na gwada duk abin da na sani. Na sa rigar kakin Kawu a kan zanena, mata suna leƙe suna ƙus-ƙus. Na yi shiru kamar yadda ya ce. Na tsuguna, na fifita yatsu, na miƙa kwano. Da na ɗaga hannu sai Rusau ya ƙara shigewa ciki, idanunsa a kan hannun nawa, gurnani kamar inji. Haƙarƙarinsa duk sun fito. Na yi fushi da shi, na yi fushi da Kawu da ya tafi ya bar mini wannan jidali, na dawo na ji kunyar fushin.

Ranar bakwai da hantsi, an gama addu'a ana rabon waina, Baba na Yangoji ya iso da a-kori-kura, ya yi baya da ita har cikin fili. Kwalbati da Madam ba su ba da wahala ba. Ya bubbuga jikin mota, Madam ta yi tsalle ta hau, Kwalbati aka ɗan tallafa mata saboda ƙafa. Saura Rusau. Da na leƙa titi sai ga mai babur can a gindin mangwaro, da kejin waya a baya da doguwar sanda mai zarge a baki. Kawu Babba bai yi wasa ba.

Baba na Yangoji ya ce in bar masa, ai alamun nan tare suka yi aiki da su. Ya tsuguna a gaban tifa, ya ɗaga hannu ya fifita. Rusau ya yo waje da haƙora har sai da tsohon ya faɗi zaune. Mutanen rumfa suka taso suka tsaya a bakin fili, wasu sun ɗebi duwatsu. Kawu Babba ya ce, “To, kin gani. An yi iya yi. Ku kira mutumin can.”

Na ce, “Kawu, don Allah, sau ɗaya.” Na ɗauki kwanon na durƙusa, na miƙa. Gurnani ya ƙaru. Wallahi na riga na sallama, hawaye sun fara zubo mini.

Sai na ji murya daga bayana. “Uwar-masu-gida, da wane hannu kike miƙa masa?”

Inna ce, tsaye a bakin 'yar ƙofar langa-langa cikin hijabin takaba, ƙafarta daga cikin gida. Tun rasuwar ba ta leƙo ko tsakar gida sosai ba, ba ta san abin da muke ta fama da shi ba sai da ta ji hayaniya.

Na ce, “Da dama mana, Inna.”

“To ai shi ya sa. Malam bai taɓa nuna wa karen nan dama ba. Da hagu yake kiransa, da hagu yake ba shi. Damar ma a bayansa yake ɓoye ta.”

Wa zai miƙa abinci da hagu? Mu da aka tasa da duka a kan haka tun muna rarrafe, ko almakashi ba ka miƙa wa mutum da hagu, balle a gidan makoki a gaban manya. Duk wanda ya gwada a kwanakin nan da dama ya gwada, ko tunani ba mu yi ba.

Inna ta ci gaba, kamar tana jin haushin sai ta yi bayani. “Ya ce masu jifa da dama suke jifa, in karen ya ga dama ta tashi dutse yake jira. Kuma shi dama ta cin abinci ce da gaisawa da mutane. Ni na san faɗan da muka yi a kan hagun nan. Sai da ta zame masa jiki, har ya taɓa yafito yayana da ita a gaban jama'a, na yi kwana biyu ban kula shi ba.”

Baba na Yangoji, yana zaune a ƙasa, ya bugi goshinsa. “Kai! Direba ai hagu ne yake fitarwa ta taga! Ni na ga manya a wurin, na ce bari in yi ladabi.”

Na mayar da kwanon hannun hagu. Na kai dama baya na riƙe zanena da ita. Na ce wa mutane don girman Allah su zubar da duwatsun su ja baya, kada kowa ya yi magana. Ina jin idon Kawu Babba a ƙeyata. Na ajiye kwanon, na tura shi a hankali, na ja da baya, sannan na fifita yatsun hagu ƙasa-ƙasa. Hannun ma bai iya ba, kamar na aro.

Gurnanin ya tsaya. Rusau ya dubi hannun, ya dubi fuskata, ya sake duban hannun. An daɗe a haka har gwiwata ta fara ciwo. Sai ya jawo jiki da ciki, ya fito da kai daga ƙarƙashin mota, ya sunsuna kwanon, ya fara ci. Ci yake yana rawar jiki, yana ɗagowa yana duba ko'ina, amma ci yake. Na ji wata mata a bayan Inna ta ce “Allahu Akbar” a hankali. Da ya lashe kwanon na juya tafin hagu ƙasa, ya kwanta. Na tashi na je jikin a-kori-kura na bubbuga. Ya tsaya yana kallon tifar Kawu har na ɗauka zai koma. Madam ta yi ɗan haushi daga sama. Ya tako yana tangaɗi, ƙarfin tsalle ma babu, sai da ya gwada ya zame sannan ya haye.

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Wani irin sauƙi ya sauko mini tun daga wuya har ƙafa, na fashe da kukan da ban samu yi ba tun ranar rasuwa, ina yi ina dariya. Baba na Yangoji ya rufe bayan mota, ya ɗaga hagunsa sama ya ce daga yau matarsa da 'ya'yansa duk sai sun koyi rashin kunya.

Har ya tayar da mota Inna ta ce a tsayar da shi. Daga bakin ƙofar ta ɗaga murya. “Baba, baƙin ba ya cin tuwo da zafi, a bari ya huce. Ita farar kuma kada a ba ta ƙashin kifi, yana maƙale mata.” Ta juya ta shige ciki kafin wani ya ce wani abu. Ni da Maman Tibi muka dubi juna.

Kawu Babba da kansa ya taka har gindin mangwaro ya sallami mai babur. Da ya dawo ya same ni ina kakkaɓe zane, ya tsaya yana kallon inda karen ya kwanta a ƙarƙashin tifa, ƙasar wurin har ta yi rami.

“Da na ɗauki alhaki,” ya ce. Bai dube ni ba. “Yaron nan tun yana ƙarami haka yake, ba ya bayani. Da ya gaya mini ai da na gane.”

Na san ko an gaya masa da bai gane ba, amma na ƙyale shi. Tsoho ne, kuma ƙaninsa ya binne.

Baba na Yangoji ya kira ni bayan an kwana biyu ya ce Rusau yana ci, ya zaɓi gindin rumbun doya ya mai da shi wurin kwanansa, birai kuma sun koma gonar maƙwabci. Har yanzu ba ya yarda a yi masa magana, amma ya fara bin tsohon zuwa gona daga nesa. Na gaya wa Inna, ta ce, “To, madalla,” ta ci gaba da jan carbinta.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne yammacin ranar bakwai ɗin, da Kawu Babba zai koma Zariya. Ya tara mu a zaure, ni da Inna daga bayan labule da 'yan tsirarun da suka rage, ya ce a yi wa mamaci addu'a kafin ya kama hanya. Ya yi doguwa da Larabci kamar yadda ya saba. Sai ya yi shiru, muka ɗauka ya gama, har wasu sun kai hannu fuska. Can ya ƙarasa da Hausa.

“Ya Allah, ƙanina ya yi wannan aiki da hagunsa. Ranar da za a raba wa bayi takardunsu, ka miƙa masa tasa a dama.”

Muka ce amin. Ta Inna ta fi ta kowa ƙarfi.